Yaƙi ɗaya, bakuna da yawa: yadda labarin Samurai Warriors ke sauyawa daga wannan fitowa zuwa waccan

Wanda ya buɗe kantin wasanni na intanet yana neman Samurai Warriors zai tarar da jerin sunaye masu rikitarwa: ga na 4, ga 4-II, ga 4 Empires, ga 4 DX, ga Spirit of Sanada, sannan ga na 5. In ban da na 5, fuskokin jaruman kusan duk ɗaya ne, filayen dagar ma su ne dai, Okehazama da Nagashino da Sekigahara da Osaka. Shi ya sa tambayar da ta fi yawo a bakin masu son wasan ita ce: wanne ne ya fi cikakken labari? Kuma 4-II ci gaban na 4 ne, ko tsohon kaya ne aka sake wa kwali? A ganina tambayar ce ta zo a karkace. Babu ɗaya a cikinsu da ya haɗiye sauran. Tarihin da suke ɗiba guda ne, ba ya motsi. Abin da ke sauyawa shi ne wanda aka ba bakin magana, da irin ƙaryar da masu tsara wasan suka yarda su yi a wannan karon.

Ga ƙashin tarihin a taƙaice, don wanda bai saba da shi ba. A ƙarni na 16 ƙasar Japan ta wargaje tsakanin sarakunan yaƙi, kowa da yankinsa da dakarunsa. A 1560 Oda Nobunaga, wani matashin mai mulkin Owari, ya afka wa rundunar Imagawa Yoshimoto da ta ninka tasa sau da yawa a Okehazama, ya kashe shi. Daga nan tauraronsa ya yi ta hawa har 1582, lokacin da ɗaya daga cikin manyan kwamandojinsa, Akechi Mitsuhide, ya kewaye shi a wurin bauta na Honnoji a Kyoto. Nobunaga ya mutu a nan. Toyotomi Hideyoshi, wani kwamandan nasa, ya murƙushe Mitsuhide a Yamazaki kafin a cika mako biyu, ya ƙarasa haɗe ƙasar da cin Odawara a 1590, ya mutu a 1598. Tokugawa Ieyasu ya ci Sekigahara a 1600, ya share ragowar gidan Toyotomi a Osaka a 1615. Shekara 55 ke nan daga farko zuwa ƙarshe. Wannan tsawon zamani shi kamfanin Koei da ɗakin aikinsa na Omega Force suka ɗauko a 2004 suka zuba a PlayStation 2, a kan tsarin da suka riga suka yi suna da shi a Dynasty Warriors: jarumi ɗaya ya kutsa cikin ɗaruruwan abokan gaba yana sara.

Matsalar mai rubuta irin wannan labari a fili take. Mai wasa ya riƙe jarumi, ya yi kaca-kaca da rundunar maƙiya, ya ci fagen. Amma tarihi ya ce mutumin nan an ci shi da yaƙi a ranar, ko ma an fille masa kai. To me za a yi da nasarar da mai wasa ya samu da hannunsa?

Wasan farko, mai jarumai 15, ya warware wannan ta hanyar raba hanya. Kowane jarumi da nasa labarin, kuma abin da ka yi a tsakiyar fage yana iya karkatar da kai zuwa wata makoma dabam, ta yadda yawancinsu suna da ƙarshe biyu. Yanayinsa duhu ne, Nobunaga a cikinsa kusan aljani ne, da baƙin sulke da takobi mai fitar da baƙin haske. Na 2, wanda ya fito a 2006 da jarumai 26, ya daina raba hanyar amma ya ƙara sakin linzami. In ka ɗauki Ishida Mitsunari, mutumin da a zahiri aka ci shi a Sekigahara aka kashe shi a bakin kogi a Kyoto, sai ka ci Sekigahara ɗin, har ka wuce ka kai wa Ieyasu hari a Edo. In ka koma ka ɗauki Ieyasu, tarihi ya dawo kan turbarsa. Abin ya yi kama da makaɗan fada biyu da suka waƙe yaƙi guda: a bakin kowannensu ubangidansa ne ya yi rinjaye, kuma mai sauraro bai taɓa tsammanin waƙoƙin biyu su dace da juna ba.

Tsakanin na 1 da na 2 har halayen mutane aka sauya ba tare da an ba kowa haƙuri ba. Date Masamune na wasan farko yaro ne mai rashin kunya da takubban katako. A na 2 ya zama saurayi mai takobi da ƙananan bindigogi. Oichi, ƙanwar Nobunaga, ta tashi daga 'yar yarinya mai tsalle-tsalle ta zama nitsattsiyar mace, matar Azai Nagamasa, da ke tsaka mai wuya tsakanin miji da wa. Hideyoshi da aka fara nunawa a matsayin mai wayo da kwaɗayi ya koma mutumin kirki mai burin ƙasar da kowa zai yi dariya a cikinta. Tun daga nan ya kamata mai bin wasan ya gane cewa lambobin nan ba jerin ci gaban labari ba ne. Kowace lamba sabon zubi ce.

Na 4, wanda ya fito a 2014 don cikar jerin shekara 10, shi ne ya juya akalar gaba ɗaya. Jarumai sun kai 55, ba yadda za a yi a rubuta wa kowa labarinsa. Sai aka raba labarin gida-gida da yanki-yanki, babi 12: na Oda, na Takeda, na Uesugi, na Tokugawa, na yankunan Kanto da Tohoku da Kinki da Chugoku da Shikoku da Kyushu, sannan manya biyu a ƙarshe, na haɗe ƙasa da na gidan Sanada. Abu mafi muhimmanci, aka daina sauya sakamako. Wanda tarihi ya kashe zai mutu, ko da kai ne ka riƙe shi, ko da ka share filin tas. Otani Yoshitsugu, abokin Mitsunari mai rufe fuska saboda ciwo, zai faɗi a Sekigahara bayan Kobayakawa Hideaki ya juya musu baya, ba abin da yatsunka za su iya yi a kai. Wannan shi ne ƙarfin na 4. Mutuwa ta samu nauyi, domin ba ta da ƙofar baya.

Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Faɗin da aka samu, zurfi aka sayar aka saye shi. Babin Shikoku da na Kyushu gajeru ne ƙwarai, kafin ka saba da mutanen an rufe labule. Tsofaffin jarumai da a na 2 suke da cikakken labari nasu sun koma masu leƙowa su faɗi jimla biyu su wuce. An ɗan rage zafin abin da wani sashe na daban inda kake ƙirƙirar jaruminka ka zaga ƙasar kana ƙulla abota da kowa, a nan ne ake jin hirarrakin da babban labarin ba shi da wurinsu. Amma hira ce ta gefe, ba ta taɓa gangar jikin labarin.

Akwai kuma wata ƙarya da na 4 ya riƙe gam, wato ta shekaru. Sanada Yukimura, jarumin jan sulke da mashi wanda shi ne fuskar jerin tun 2004, an haife shi wajen 1567. A yaƙin Nagashino na 1575, inda bindigogin Oda da Tokugawa suka karya baraden Takeda, yaro ne da bai kai shekara goma ba. A wasan kuwa yana tsakiyar filin a matsayin cikakken saurayi, kuma da wannan fuskar zai isa Osaka shekara 40 bayan haka, ko furfura ɗaya babu. Hatta arangamar da aka gina ƙarshen wasan a kanta, tsakaninsa da wansa Nobuyuki a Osaka, ƙirƙira ce: Nobuyuki na tarihi bai halarci yaƙin ba, 'ya'yansa ya tura. Wato na 4 ya yi gaskiya a kan wanda ya ci da wanda ya faɗi, ya yi son ransa a kan wanda ya halarta.

A nan ne 4-II ya shigo, a 2015, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Bai ɗora daga inda na 4 ya tsaya ba, domin bayan Osaka babu sauran yaƙi. Bai kuma ƙunshi babi 12 ɗin nan ba. Cire su aka yi gaba ɗaya, aka sa wasu sababbi 13, kowanne gajere, kowanne ya kafa ido a kan mutum ɗaya ko biyu, yawanci sababbin fuskokin da na 4 ya shigo da su bai ba su fili ba: Matsunaga Hisahide, Katakura Kojuro, Uesugi Kagekatsu, Kobayakawa Takakage, Koshosho, Hayakawa da sauransu. Sashen zaga ƙasa ma an cire shi, an maye gurbinsa da wata hasumiya da ake hawa bene-bene ana faɗa, wadda ba labari a cikinta. Sabon jarumi ɗaya tak aka ƙara, Ii Naomasa, adadin ya zama 56.

Labarin Naomasa ya isa misalin abin da 4-II ke yi. A tarihi yana cikin manyan kwamandoji huɗu na Ieyasu, shi ya gaji tsoffin mayaƙan Takeda da jan sulkensu, kuma a Sekigahara harsashi ya same shi yana bin sawun mutanen Shimazu da suka fasa tsakiyar rundunar Tokugawa suna neman hanyar gida. Ya mutu a 1602. A wannan ja da bayan ne Shimazu Toyohisa ya ba da ransa don baffansa Yoshihiro ya tsira. Na 4 ya riga ya nuna wannan ranar, amma ta ɓangaren Shimazu, Naomasa kuwa ba shi da fuska tasa, ɗaya ne daga cikin kwamandojin da ake yi wa zubi ɗaya. A 4-II fili bai sauya ba, ranar ba ta sauya ba, amma yanzu wanda ke bin sawun yana da uwar riƙo, Naotora, yana da zafin kai da ake ta fama da shi, yana da dalilin da ya sa ba ya iya tsayawa. Ita kanta Naotora ta tarihi ta rasu tun 1582, wasan ya bar ta da rai don yaron ya samu wanda zai yi wa gardama.

To amma 4-II yana da wani aibi da ba a cika faɗa wa mai saye ba: ya ɗauka ka riga ka san labarin. Babi zai yi tsalle daga wannan yaƙi zuwa wani da ke shekara goma a gaba, ba tare da ya tsaya ya gaya maka yadda mulki ya fita daga hannun Oda ya koma na Toyotomi ba. Yaƙi guda za ka sake buga shi a babi uku ko huɗu, kowane karo da ɗan bambancin wanda ya yi magana. Kuma wasu babin sun dawo da tsohuwar al'adar karkatar da sakamako don jarumin babin ya samu ƙarshen da ya dace da shi, abin da na 4 ya yi watsi da shi. Abin takaicin shi ne 4-II ne ya fara sauka a kwamfuta tun 2015, na 4 na asali kuwa bai iso can ba sai 2024 da sunan 4 DX. Kusan shekara tara masu wasa a kwamfuta suna shiga gidan ta taga, suna karanta sharhi kafin su ga matanin.

Shi 4 DX ba sai an daɗe a kansa ba: na 4 ne da labarinsa yadda yake, aka haɗa masa kayan ƙari da a da ake saye daban, tufafi da makamai da makamantansu. Ba ya ɗauke da labaran 4-II. Empires kuwa ba shi da tsayayyen labari sam, wasan mulki ne da dabara, kai ke naɗa hakimai ka zaɓi ƙasar da za ka ci. Irin wannan rikicin suna ya taɓa faruwa a na 3: wanda ya fito a Wii a 2009 yana da wani sashe na musamman da aka gina a kan wani tsohon wasan Nintendo mai suna Murasame, da aka mayar da wasan PlayStation 3 a Japan sai aka cire sashen, aka ƙara jarumai da labarai a madadinsa. Sabuwar fitowa ba kullum take nufin tsohuwa da ƙari ba.

Wanda ya fi burge ni a duk jerin shi ne Spirit of Sanada, da ya fito a Japan a ƙarshen 2016, shekarar da gidan talabijin na NHK ya shafe yana nuna dogon wasan kwaikwayo a kan gidan Sanada. Kayan aikinsa na na 4 ne, yawancin jaruman ma haka. Amma ya yi abin da ba a taɓa yi ba a jerin: ya bar lokaci ya wuce. Ba da Yukimura aka fara ba, da ubansa Masayuki aka fara, yana matashi a rundunar Takeda Shingen wajen yaƙin Kawanakajima na 1561. Yukimura da Nobuyuki sai daga baya suke bayyana, yara ƙanana suna yawo a cikin gari. Kana gani suna girma, uban yana tsufa, har ranar da Yukimura zai shiga Osaka a matsayin dattijon da ya sha zaman gudun hijira. Tsakanin yaƙi da yaƙi kana zagaya garin, ka kama kifi, ka yi shuka, ka gaisa da mutane. Da farko abin kamar ɓata lokaci, sai daga baya ka lura cewa wasu da ka saba gaisawa da su ba sa nan.

Da yake an taƙaita ido a kan ƙaramin gida guda, abubuwan da sauran wasannin suka tsallake sun samu wuri. Ɗauki faɗuwar Takeda a 1582. A wasannin baya Takeda Katsuyori, ɗan Shingen, ba kowa ba ne illa wawan da ya jefa dawakai cikin bakin bindiga a Nagashino. A nan an ba shi fuska da hali, an ƙulla amana tsakaninsa da Masayuki. Labarin da aka gada ya ce lokacin da rundunar Oda ta matso, Masayuki ya yi masa tayin mafaka a sansaninsa na Iwabitsu, amma Katsuyori ya zaɓi ya nufi wajen wani hakiminsa, Oyamada, wanda ya rufe masa ƙofa. Ya mutu a Tenmokuzan shi da iyalinsa. Wasan ya mayar da wannan rana ta zama miki a zuciyar Masayuki, ta yadda duk sauye-sauyen mubaya'ar da ya yi bayan haka, daga Oda zuwa Hojo zuwa Tokugawa zuwa Uesugi zuwa Toyotomi, za ka kalle su a matsayin aikin mutumin da ya rantse ba zai sake bari gidansa ya dogara da alherin wani ba. Ko haka zuciyar Masayuki na gaskiya take, wannan zaɓin marubuta ne. Amma zaɓi ne da ya zauna daram a kan abubuwan da suka faru.

Haka rigimar ƙasar Numata, da yaƙin Ueda, sansanin gidan Sanada, na 1585 inda 'yan tsirarun Sanada suka kori rundunar Tokugawa da ta ninka su, da na biyu a 1600 inda suka riƙe Tokugawa Hidetada, ɗan Ieyasu, da dakaru wajen 38,000 har ya makara bai isa Sekigahara ba. A sauran wasannin Ueda fage ne guda a cikin jeri. A nan shi ne tsakiyar duniya, manyan yaƙe-yaƙen da gidan Sanada bai halarta ba su ne aka tura gefe. Rabuwar da aka yi a Inubushi, inda uba da ƙane suka bi rundunar yamma ta su Mitsunari, wa kuma, wanda ke auren 'yar Honda Tadakatsu na Tokugawa, ya bi ta gabas ta Ieyasu, tana nan a na 4 ma. Bambancin shi ne a nan ka yi sa'o'i da dama kana kallon mutanen uku a gida ɗaya kafin a zo wurin. Sai zaman gudun hijira a Kudoyama, inda Masayuki ya mutu a 1611 ba tare da ya sake ganin Ueda ba.

Ba wai wasan ya tuba daga ƙirƙira ba ne. Sasuke, ɗan leƙen asirin da ke tare da Yukimura, daga littattafan nishaɗi na farkon ƙarni na 20 ya samo asali. An kuma ƙulla wata doguwar alaƙa tun ƙuruciya tsakanin Yukimura da Chacha, 'yar Oichi, wadda ta haifa wa Hideyoshi magajinsa Hideyori ta kuma mutu tare da ɗan nata a Osaka. Yawancin jaruman da ba 'yan gidan ba ma ba sa tsufa, sai ka ga dattijo Yukimura tsaye kusa da wanda ya girme shi a tarihi amma fuskarsa ta ɗan shekara ashirin. Ko sunan Yukimura ɗin kansa, ba shi mutumin ya yi amfani da shi ba; Nobushige yake sa hannu, littattafan yaƙi na bayan mutuwarsa ne suka yaɗa ɗayan.

In ana son ganin bambancin wasannin nan tsirara, a dubi tambaya guda: me ya sa Mitsuhide ya ci amanar Nobunaga? Masana tarihin Japan har yau ba su tsaya a kan amsa ɗaya ba. Akwai masu cewa ƙullin wulaƙanci ne, akwai masu cewa son mulki, akwai masu danganta abin da sauyin siyasar Nobunaga a kan gidan Chosokabe na Shikoku, wanda Mitsuhide ne mai shiga tsakani da su. Wannan giɓi kyauta ce ga marubucin wasa, kuma kowace fitowa ta cike shi da abin da take da shi a hannu. A wasan farko Mitsuhide mutumin kirki ne da kisan gillar Nobunaga ya ishe shi, irin wanda aka yi wa masu tawayen addini a Nagashima. A na 3 an jingina shi da abokinsa Chosokabe Motochika, mai yaƙi da kayan kiɗa, wanda ke ƙarfafa masa gwiwa har ya tsaya tare da shi a fagen fama. Wato an ɗauki ra'ayin Shikoku an mayar da shi abota. A na 4 sai ga Matsunaga Hisahide, mai tawaye a yafe masa ya sake tawaye, yana ta hura masa wuta a kunne. Hisahide na tarihi ya mutu a Shigisan tun 1577, shekara biyar kafin Honnoji. An shigo da sabon jarumi, dole a nema masa aikin yi, sai aka ba shi mafi girman asiri na zamanin.

Na 5, na 2021, kacokan ɗinsa amsa ce ga wannan tambaya. An rushe komai an sake gini: sabon zane mai kama da aikin tawada, jarumai sun ragu zuwa 37, zamanin ya tsaya a 1582. Babu Yukimura, babu Mitsunari, babu Masamune, babu Sekigahara balle Osaka. Hanya biyu ce, ta Nobunaga da ta Mitsuhide, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai wasu fagage na "da a ce" da aka ware a gefe don kada su gurɓata babban labarin. Nobunaga ya fara a matsayin saurayi mai rawar kai da ake kira wawan Owari, laƙabin da tarihi ya tabbatar, yana fama da ƙanensa a kan gadon gida. Rayuwar Mitsuhide ta farko ba ta da cikakken rubutu a tarihi, bai fito sosai ba sai ƙarshen shekarun 1560. Wasan ya yi amfani da wannan duhu ya haɗa su abota tun suna samari, lokacin Mitsuhide na hidima a gidan Saito Dosan, surukin Nobunaga. An kuma jawo Yamanaka Shikanosuke, mai fafutukar farfaɗo da gidan Amago, aka sa shi kusa da zuciyar Mitsuhide. A tarihi, a 1578 rundunar Oda ta janye ta bar su Shikanosuke a sansanin Kozuki a hannun dakarun gidan Mori, aka kama shi aka kashe. Irin waɗannan raunuka ne ake tarawa ɗaya bayan ɗaya har a iso Honnoji.

A nan ne kuma Yasuke ya fara shiga jerin, Ba'afirken da ya iso Japan tare da ɗan mishan Alessandro Valignano, ya haɗu da Nobunaga a 1581, yana kuma Kyoto ranar da aka kai harin. Imagawa Yoshimoto ma an wanke shi: wanda wasannin baya suka mayar abin dariya mai fenti a fuska da wasan ƙwallo, a nan basarake ne mai kwarjini, wanda ya fi kusa da matsayinsa na gaskiya. Laifin na 5 a wurina shi ne wanda ya zo don faɗin zamanin zai ga an rufe shago da wuri, kuma da yake hanyoyin biyu suna ratsa yaƙe-yaƙe iri ɗaya, maimaici yana yawa.

In mutum ya matsa sai na ba shi shawara, zan ce ya fara da na 4 ko DX don ya san taswirar, ya bi da Spirit of Sanada in labari yake nema, ya ɗauki 4-II ne kawai in akwai wani jarumi da ya shiga ransa yake son ƙarin zama da shi. Na 5 kuwa ana iya shigarsa kai tsaye, ba ya bin kowa bashi.

Akwai abu guda da duk wasannin suka yi tarayya a kansa, wato shiru a kan Koriya. Daga 1592 zuwa 1598 Hideyoshi ya tura dakaru sama da dubu ɗari suka mamaye Koriya har sau biyu, aka yi ɓarna mai yawa, daular Ming ta Sin ta shigo, yaƙin bai ƙare ba sai da ya mutu. Babu fage ko ɗaya na wannan a jerin. Daga Odawara labari kan yi tsalle zuwa rasuwar Hideyoshi. Ba wuya a hango dalili, kamfanin yana sayar da wasanninsa a Koriya da sauran ƙasashen yankin, kuma mikin bai warke ba. Amma shirun ya bar rami a tsakiyar labarin Sekigahara. Gabar da ke tsakanin Mitsunari da kwamandoji irin su Kato Kiyomasa a Koriya ta yi tsami, inda Mitsunari yake cikin masu sa ido suna aika wa Hideyoshi rahoto, har aka taɓa kiran Kiyomasa gida cikin fushi. A 1599, da Maeda Toshiie, babban dattijon gidan Toyotomi, ya rasu, kwamandoji bakwai suka tasar wa Mitsunari, Kiyomasa da Fukushima Masanori na cikinsu, kuma Ieyasu ne ya shiga tsakani ya ci ribar rikicin. Da yake wasannin ba za su iya faɗin wannan ba, tun daga na 3 sai suka mayar da mutanen uku 'yan gida ɗaya da Nene, matar Hideyoshi, ta raina, suna faɗa irin na 'yan'uwa, kowa na ganin hanyarsa ce za ta ceci gidan Toyotomi. Mitsunari ya zama mai kaifin baki da ba ya iya rarrashi, Kiyomasa mai taurin kai, Masanori mai yawan hayaniya. Da wannan ake bayyana yadda yaran Hideyoshi suka tsaya a ɓangarori biyu a 1600, a na 3, da na 4, da 4-II, da Spirit of Sanada baki ɗaya.